Yaran da Bayansu Ya Karkace

Muna yara a ƙauyenmu, tsakanin Kusada da Kankiya, da zarar an ga bayan yaro ya fara karkacewa, uwarsa ake ɗora wa laifi. A ce ta yar da shi daga goyo, ko ta zaunar da shi tun bai yi ƙwari ba, ko ta fita da tsakar rana tana da ciki ta gamu da iska. Ƙanwar wani abokina da ƙusumbi ta tashi. An kai ta wurin maɗori ya ce babu karaya, wanzami ya yi mata tsaga, ta sha rubutu, daga ƙarshe aka ce halitta ce. Ina tuna yadda take haki daga rijiya zuwa gida, ana ce mata ragguwa.

Sai da na girma na fahimci hakin nan. Gaɓoɓin ƙashin baya suna haɗuwa tun makonni shida na farkon ciki, kafin mace ta tabbatar tana da juna biyu. Wani lokaci gaɓa ɗaya takan fito rabi, gefe guda ya fi ɗaya tsawo, yaro na girma baya na lanƙwashewa, haƙarƙari ya matse huhu. Babu hannun uwa a ciki. Akwai kuma ƙusumbin da tarin fuka ke kawowa idan ya ci ƙashi, shi da magani ake fara masa.

Abin da ke ci mini rai, Asibitin Ƙashi na Dala yana nan tun 1959, motar Kano kuma ta Kankiya take bi kullum. Amma wa zai ce mana a je a ɗauki hoto? A wurinmu asibitin ƙashi na wanda mota ta buge ne.

Yanzu likitoci kan cire rabin gaɓar tun yaro bai kai shiga firamare ba, su ɗaure na sama da na ƙasa da ƙusoshi. In karkacewar ta yi tsawo, a sa sandunan ƙarfe da ake ƙara wa tsawo kamar duk wata shida har ƙirji ya buɗe. Aiki ne mai haɗari, don laka na kusa, kuma masu yin sa kaɗan ne; har asibitin FOCOS da ke Akara ta Gana ake kai wasu yaran. Kuɗinsa kuwa ya fi ƙarfin manomin gero da gyaɗa, ko da ya sayar da gona da shanun huɗa.