A Gyara Jinka Tun Rani

Jama'a, mu da muka ga zamanin dumsor a Ankara daga 2012 zuwa 2016 ba sai an ba mu labarin duhu ba. Teloli a Nima sun yi zaune ga ɗinkin Sallah a tare, masu sayar da ruwan sanyi a Maamobi sun zubar da jari, yaranmu kuwa da aci-balbal suka yi karatun jarrabawa. A lokacin, da wani ya ce mana zai kawo wuta gobe, ba za mu tambaye shi nawa ba.

To, a nan gizo ke saƙa. A 2015 gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin AMERI kan injinan megawat 250 a kan dala miliyan 510, ba tare da buɗe takara ba, don ana cikin gaggawa. Wuta ta ƙaru, amma gardamar kuɗin ta ƙi mutuwa, har ministan makamashi ya rasa kujerarsa a 2018 wajen sake cinikin. Mai jin yunwa ba ya taya tuwo.

Mu a zango mun san wannan. Idan za mu yi wa masallaci rufi, ba ma kiran kafinta ɗaya. Mukan kira uku, kowa ya faɗi kuɗinsa a gaban liman da dattawa, sannan mu je mu duba rufin da ya taɓa yi ko yana yoyo. Wani lokaci mukan bar mai araha, domin araha ba ta ado. Abin da dokar sayayya ta gwamnati ta 2003 ta nufa ke nan: a yi shela, a buɗe ambulan a bainar jama'a, a auna kuɗi da gwaninta.

Wutar da ake samarwa a Akosombo da Bui ba ta iso gidajenmu sai ta manyan wayoyi da tashoshin GRIDCo, kamfanin da aka cire daga VRA ya fara aiki a 2008. Gari kullum faɗaɗa yake, tilas a yi ta gina sababbi. Tashar Pokuase da aka buɗe a 2021 da kuɗin Amurka, takara aka yi ta ƙasa da ƙasa, kamfanin Elecnor na Sifen ya gina ta. Tamu ta tsakiyar Ankara, nan kusa da mu a Adabraka, kyautar Japan ce, kuma a irin wannan kyauta kamfanonin Japan ne ke takarar babbar kwangila. Mun gode ƙwarai, amma mu sani mai ba da kuɗi shi ke zaɓen masu shiga fage.

Kada wani ya ce wannan zancen manya ne. Kwangilar da aka yi wa tsada, mu ne za mu biya ta duk ranar da muka je sayen katin mita. Saboda haka idan ɗan majalisa ya zo zango, bayan gaisuwa mu tambaye shi: wace tasha ake shirin ginawa, kamfani nawa suka nema, me ya sa aka zaɓi wanda aka zaɓa? Mu yi tambayar yanzu da fitila ke ci, kafin duhu ya sake rufe mana baki.

Allah Ya sa mu dace, amin.