Argungu Bayan An Watse

Duk wanda yake cin albashin koyarwa ya san cewa yawon buɗe ido ba ya cikin lissafin wata. Kafin a biya kuɗin haya, a auno hatsi, a sallami mai kanti, sai ka tarar abin da ya rage bai kai na motar zuwa gaida tsohuwa ba, balle a ce za a ɗebi iyali a je kallo. Ni mutumin Gwandu ne, aiki ya zaunar da ni Kalgo, kuma kamar kowane uba ina son yarana su san ƙasarsu da idonsu, domin gani ya kori ji. Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne Argungu, garin da ke nan kusa da mu, amma kuɗi ya mai da shi kamar wata uwa duniya.

Mai karatu zai tambaya, me ya haɗa mutumin Gwandu da Argungu? To, ai tarihi ne ya haɗa mu. Kakanninmu da Kabawa sun shafe yawancin ƙarni na 19 ba su ga maciji da juna. Bikin kamun kifin da duniya ta sani a yau ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka shirya masa su don girmamawa. Wato bikin sulhu ne tun farko. Ina ganin yaron da aka haifa a ƙasar Gwandu, wanda ake kai shi ziyarar hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ya kamata a kai shi ya ga ɗaya ɓangaren labarin, ya san cewa mutanen da kakansa ya yi wa kallon abokan gaba yau maƙwabta ne.

Sai dai a makon biki Argungu ba ta talaka ba ce. Kuɗin mota daga Birnin Kebbi yakan tashi, ɗakin kwana ya gagara, har mai ruwan sanyi ya ƙara wa kayansa kuɗi. In ka ratsa duk wannan ka isa bakin Matan Fada, manyan baƙi ne a rumfa, kai kuwa kana can baya cikin ƙura, yaro a wuya, ga shi babban kamun kansa bai wuce kamar awa guda ba.

Dabarar da na bi daga wani abokin aiki na same ta, wanda ya yi karatu a Turai. Ya ce a can akwai wasan zamiya a kan ƙanƙara, wanda suke hawa duwatsun Faransa da Suwizalan su yi a lokacin hunturu. A tsakiyar sanyi masu hali ne ke cika wuraren. Amma daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu, da ƙanƙara ta fara narkewa, sai kuɗin masauki da na hawa dutse su sauko, masu ƙaramin ƙarfi su kwaso 'ya'yansu. Sukan nemi dutse mai tsawo inda ƙanƙarar ke daɗewa, su yi wasansu da hantsi kafin rana ta jiƙa ta, su kuma kauce wa makon hutun Ista, domin a nan farashi yake sake tashi. Da na ji haka sai na ce ashe mai ƙaramin albashi ko'ina yake dabararsa ɗaya ce: ya bari masu kuɗi su gama, sa'annan ya bi sawu.

Da na kawo shawarar a gida, maiɗakina ta dube ni ta ce, "Malam, mi za mu gani can bayan an watse? Sawun mutane?" Na ce ta dai shirya mana guzuri. Mako biyu bayan biki muka yi asubanci, mu da wani maƙwabcina da nasa yaran, muka haɗa kuɗi muka ɗauki shatar mota guda, wadda direbanta da kansa ya rage mana saboda fasinja ya yi ƙaranci. Dambu da ƙuli-ƙuli da fura da jarkar ruwa duk daga gida. Ba mu biya ko kwabo na kwana ba, domin kafin magariba mun dawo Kalgo.

Abin da muka samu kuwa ya fi abin da na yi tsammani. A gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi da aka mayar gidan tarihi a 1958, mu kaɗai ne baƙi. Mai yi mana bayani ya bi da yaran ɗaki ɗaki, ya nuna masu masu da takubba da tambura, ya ba su labarin Kanta da birnin Surame ba tare da wani ya tura su gaba ba. A bakin gulbi muka tarar da wani dattijon masunci yana ɗinkin homarsa. Da ya ji daga inda muke sai ya yi dariya ya ce, "Mutanen Gwandu, yau kuma da yara kunka zo yaƙin?" Ya kifa gora a ruwa, ya nuna wa babban ɗana yadda ake kwanciya a kanta a yi iyo, da yadda ake jefa kifi a cikinta. A ranar biki wa zai sami wannan sukuni?

Amma fa araha ba ta ado. Wanda ya zo a ƙarshe ba zai ga dubban masunta sun ruga ruwa a lokaci guda ba, ba zai ga tseren kwale-kwale da sauran wasannin Kabanci ba, ba zai ga an ɗora giwan ruwa a sikeli ba, irin mai kilo 78 da ya ci gasar 2020. Ga kuma zafin bazara, wanda a Maris da Afrilu yakan haura digiri 40 a ƙasarmu. Shi ya sa, kamar masu ƙanƙarar can, da safe ake yin komai, da azahar a nemi inuwa. Ƙaramar 'yata ta daɗe tana ƙorafin ba ta ga makaɗa ba, kuma tana da gaskiya.

Daga baya bikin ya tsaya kusan shekara goma kafin a dawo da shi a watan Maris na 2020. A waɗannan shekaru mutane da yawa sun daina zuwa Argungu, don a ganinsu in babu biki babu abin gani. Mu da muka saba zuwa bayan an watse ba mu fasa ba, gulbi yana nan, masunta suna nan. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, sai dabarar ta zama dole. Har zuwa gida Gwandu yanzu mako guda bayan Salla muke yi, mu biya ta Aliero mu sayi albasa in lokacin cirarta ne, mu sami tsohuwa ita kaɗai, ta ƙoshi da jikokinta.

Shawarata ga 'yan'uwana malamai da ƙananan ma'aikata ita ce, kada tsadar ranar taro ta hana yaranku sanin ƙasarsu. Ku tambayi ranar da za a watse, ku ƙara mako biyu a kai, ku nemi maƙwabcin da za ku raba kuɗin mota, ku fita da asuba. Allah Ya hore mana abin da za mu yi wa zuri'armu.