Wasiƙa daga Filadelfiya a kan Cinikin Jita

Zuwa ga ƙanena, abin ƙaunata,

Ina sanar da kai takardarka ta iso, na kuma fahimci muradinka, wato kuɗin da ka daɗe kana tarawa sun cika, kana nufin ka tura su ta intanet ga wani kanti na ƙasar nan ta Amurka, a ɗauko maka jita ƙirar Martin, samfurin da suke kira D-28, a ƙunshe ta cikin kwali, a sa ta a jirgi har Kano. Tun da ka nemi shawarata, a matsayina na yayanka da ke zaune kusa da inda ake ƙera ta, to ka yi haƙuri da tsawon bayani, domin dala 3,000 da ɗoriya ba kuɗin da za a yi cinikin biri a sama da su ba ne.

Garin Nazarat, inda masana'antar take, bai kai tafiyar sa'a biyu a mota daga nan ba. Wanda ya kafa gidan, Christian Frederick Martin, Bajamushe ne da ya sauka New York a shekarar 1833, ya koma Nazarat a 1839, kuma har yau gidan na hannun zuriyarsa. Suna barin baƙi su zaga ciki, na kuwa zaga, na ga injuna masu aiki da kwamfuta suna yanka katako bisa ma'auni ɗaya wanda ba ya kuskure, na ga kuma ma'aikaci zaune da ƙaramar wuƙar sassaƙa, yana gwada wuyan jita a gurbinsa, ya cire, ya ɗan kankare, ya mayar, har sai ya zauna daram. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne allon fuskar jitar, wanda kaurinsa wajen milimita 3 ne kawai, alhali tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jansa dare da rana da nauyin da ya haura kilo 70, ba abin da ya hana shi tsagewa sai waɗansu siraran haƙarƙari da aka manna masa daga ciki a gicciye, bisa tsarin da gidan ya shahara da shi tun shekarun 1840. Wannan allo shi ne maƙogwaron jita, daga gare shi murya take fita. Ana yanko shi daga wani itace mai suna sifrus, wanda ke girma a gaɓar tekun Alaska da yammacin Kanada, yakan yi shekaru ɗaruruwa kafin a sare shi; bayan jitar da gefunanta na itacen rozwud ne na Indiya, allon da yatsu ke dannawa kuwa baƙin eboni ne, dangin kanyarmu ta gida.

To, a nan maganar take, ƙanena. Inji yana iya daidaita kauri da faɗi, amma Allah Maɗaukakin Sarki bai halicci itatuwa biyu da ɗabi'a ɗaya ba, kai ko alluna biyu da aka tsago daga gungume guda sukan saɓa wajen tauri da nauyi, gwargwadon yadda bishiyar ta sha damina da rani a zamaninta. Saboda haka jita biyu masu suna ɗaya da farashi ɗaya, waɗanda suka fito daga ɗaki ɗaya a mako ɗaya, kowace da muryarta. A jita mai araha, wadda aka yi da falankin da aka liƙa hawa-hawa, wannan bambanci ba ya da yawa, kuma da irinta kake nema da ban tsawaita ba. Mai biyan kuɗi masu nauyi irin naka kuwa, abin da yake saye a haƙiƙa shi ne wannan guntun itace ayyananne, wanda ba shi da na biyu, sunan da ke rubuce a kansa shaida ce kawai ta cewa gwanaye ne suka haɗa shi.

Manyan kantunan kayan kiɗa na nan suna keɓe wa irin waɗannan jitoci ɗaki na musamman, mai ƙofar gilashi, da na'urar da ke tsare laimar iska, mutum na shiga ƙamshin katako ya tarye shi. A wani irin wannan ɗaki na zauna wurin wani dattijo mai kanti, ya sauko mini da 'yan'uwan juna da ke rataye a jere, duka samfurin da kake so. Ɗaya muryarta ta ƙasa tana da kauri har tana danne sauran. Wata a ƙulle take, sai an matsa mata take amsawa. Wata kuwa da na taɓa tsirkiya guda na sake ta, sai na ji karkarwar itacen a ƙirjina, sautin ya daɗe yana tafiya kafin ya mutu. Daga nan dattijon ya karɓe ta, ya umarce ni in koma can gaba in tsaya, ya kaɗa da kansa, domin jita gabanta take jefa murya, abin da mai kiɗa ke ji daban da abin da ke isa kunnen jama'a. Ya kuma nuna mini yadda ake ɗaga ta a leƙa tsawon wuyan da ido ɗaya a ga ko ya karkace, da yadda ake duba tazarar tsirkiya daga allo, da gindin jakin da tsirkiyoyi ke hawa ko ya fara ɗagowa. Faɗin wuya ma abin lura ne: tsakanin wannan da wancan wani lokaci kashi ɗaya ne cikin 16 na inci, abin da ido ba ya gani, amma hannun da zai yi shekaru yana riƙo ya san shi tun daga damƙar farko.

Idan ka ga ratsin fari ko ruwan ƙasa a jikin ebonin, kada ka ɗauke shi aibi. Yawancinsa daga dazukan Kamaru yake zuwa, kuma a da masu sara sukan kayar da bishiya, in sun tarar cikinta ba baƙi ƙirin ba ne su bar ta ta ruɓe a daji, tun da ba mai saye. A shekarar 2011 gidan Taylor na Kalifoniya, tare da wani kamfanin Sifen, suka sayi ma'aikatar yankan eboni a Yawunde, suka shiga amfani da mai ratsin a jitocinsu masu tsada, kuma ina ganin wannan aiki ne na hankali da ya cancanci yabo.

Ka tuna karatunmu na littafin Risala a zaure, inda aka halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffa, har da tufafin da ke ƙulle cikin dila idan an rubuta bayaninsu a takarda. Hikimar malamanmu a nan ita ce siffa tana tsayawa matsayin gani a duk inda take iya kewaye abin saye, kamar hatsi da yadi, waɗanda in an faɗi irinsu da awonsu an gama magana. Amma wace siffa ce za ta kewaye sauti? Mai talla zai rubuta maka cewa muryarta mai daɗi ce, mai zurfi, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai kalmomin nan sun dace da jita dubu. Faifan da zai aiko maka kuwa ya bi ta makirufo da lasifikar waya, ga shi hannun wani gwani ne ya kaɗa. Abin da ya rage wa mai saye daga nesa, wanda zai fid da shi daga garari, shi ne hiyari, wato sharaɗin mayarwa idan bai gamsu ba. Kantunan Amurka suna bayar da shi, waɗansu kwana biyu ko uku, waɗansu har wata guda. Ga mutumin jihar Ohayo wannan hiyari na gaske ne. Gare ka a Kano kuwa suna ne kawai, domin kafin ka biya jirgi zuwa da komowa, da kuɗin kwastan, da inshora, wa'adin ya shige, kuɗin ma sun tasar wa wani kaso mai girma na farashin.

Ba na son in zalunci masu yin oda, don suna da hujja. Ƙasar nan faɗi gare ta, akwai wanda kantin kirki mafi kusa da shi tafiyar yini ce, akwai bahago wanda da wuya ya tarar da irin tasa a rataye, kuma al'adar ta daɗe, gama tun farkon ƙarni na 20 kundin tallan kamfanin Sears yake kai jitoci masu araha ƙauyukan kudu ta gidan waya, talakawa da yawa da su suka koyi kiɗa. A yau gidan Sweetwater na jihar Indiyana yakan ɗauki hoton kowace jita mai daraja da lambarta da nauyinta, mutum ya zaɓi ayyananniya. Kanti ma yana da nasa cikas: tsirkiyoyin da suka tsufa a rataye suna dushe muryar jita ta gari, ga kunyar kaɗawa a gaban baƙi tana sa mutum gaggawa. Akwai kuma hanya ta uku, a je wurin maƙeri guda mai aikin hannu a ba shi ajo ya ƙera wa mutum tasa, abin da fuƙaha'u ke kira istisna'i, wani lokaci a jira shekara ko fiye; wannan ciniki ne da ya tsayu kan amana da sanin aikin mutumin, ba na mafari ba ne.

Sauran abu guda, wanda ya fi damuna, shi ne iska. Maƙera suna so laimar wurin ajiya ta tsaya tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari. A nan, lokacin sanyi, wutar ɗumama ɗaki takan busar da iska har allon fuska ya tsage, kuma wanda aka kawo wa jita cikin motar kaya mai ƙanƙara akan gargaɗe shi ya bar kwalin a rufe yini guda, don in ya buɗe nan take a ɗaki mai ɗumi fentin yakan daddare. Kai kuwa ka san hunturun Kano, lokacin da leɓe da diddige ke fashewa, laima ta faɗi ƙasa da kashi 20, sa'an nan damina ta zo ta cika ta. Jitar da ta kwana a rumbunan filin jirgi, ta bi rana a bayan mota har manne ya yi laushi, tana iya isowa da cutar da ba za ta bayyana ba sai bayan watanni. La budda ka tanadi akwati mai tauri, da ɗan ma'aunin laima, da soso mai danshi cikin gidansa na roba, ka riƙa mayar da ita ciki duk sa'ad da ka gama. Kuma idan wani ya yi maka tallan tsohuwar Martin ta kafin 1969, mai rozwud na Barazil, ka sani tun 1992 dokar ƙasa da ƙasa ta tsananta a kan wannan itace, ba ya ƙetare iyaka sai da takardu.

Shawarata ita ce ka riƙe kuɗinka har zuwan da kake shirin yi bayan Babbar Salla, in Allah ya yarda, mu tafi kanti tare da safe kafin mutane su taru, mu roƙi a sa sababbin tsirkiyoyi, ka zauna ka kaɗa waƙoƙin da hannunka ya saba da su, ni in tsaya gaba in saurara, sa'an nan ka koma da ita a hannunka, tun da dokar Amurka ta yarda a shiga da ƙaramin kayan kiɗa cikin jirgi muddin akwai wuri a ma'ajiyar sama. In kuwa tafiyar ba ta yiwu ba, na karɓi wakilci, amma ka auno mini faɗin wuyan jitar da kake kaɗawa yanzu da kaurinsa, ka gaya mini ko da farce kake kiɗa ko da tsinke, ka kuma yarda cewa kunnena ne zai zaɓa maka.

Ka gai da Inna, ka ce mata maganin ƙafarta yana tafe hannun mai zuwa. A gai da maiɗakinka da yara, da dukan mutanen gida. Haza wassalam.

Naka,
Yayanka