Taragon Kanti Ko Taragon Hannu?

Ƙannenmu na sakandare, a cikinku akwai waɗanda suka ƙera motar kara ko ta langa-langa suna yara, akwai kuma waɗanda aka sayo wa ta roba daga kasuwa. Mu ma ta nan muka biyo, kuma mun sha gardamar wacce ta fi. A Ingila akwai manyan mutane, wasu har da furfura, da suke irin wannan gardama har gobe, sai dai tasu a kan ƙananan taragun jirgin ƙasa ce, waɗanda tsawon kowanne bai wuce na ɗan yatsa ba sosai. Wasu na cewa a sayi shiryayye daga kanti, wasu na cewa a sayo gutsattsarinsa a harhaɗa da hannu. Mu 'yan ajin injiniya mun shiga wannan gardama a zangon karatun da ya wuce, kuma muna ganin akwai abin da za ku ɗauka a ciki.

Bari mu fara da asalin abin. Wani mutumin Libaful mai suna Frank Hornby ne ya ƙirƙiro kayan wasan Meccano a 1901, kamfaninsa kuma ya fara sayar da ƙananan jiragen ƙasa a 1920. A 1938 suka fito da ƙaramin samfuri a ma'aunin da ake kira OO, wanda shi ne ya fi karɓuwa a Ingila zuwa yau. A wannan ma'auni ana rage komai sau 76, wato kowace ƙafa guda ta tarago na gaske tana komawa milimita 4. Faɗin layin dogon kuwa milimita 16.5 ne. A Amurka da sauran ƙasashen Turai an fi amfani da HO, inda ake rage komai sau 87, a kan layi mai faɗi iri ɗaya.

To mene ne shantin? Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tashar jirgi ya ga kan jirgi yana gaba yana baya, ya ajiye wannan tarago a wancan layi, ya ɗauko wancan ya haɗa da wannan, ya ga shantin. Aikin jera taragu ne bisa tsarin inda kowanne za shi. Masu ƙananan jirage sun mai da wannan aiki wasan ƙwaƙwalwa. Mafi shahara shi ne Inglenook Sidings, wanda Alan Wright ya tsara a ƙarshen shekarun 1970, a kan katakon da bai wuce ƙafa 4 ba a tsawo. Layuka uku ne: ɗaya na ɗaukar tarago 5, sauran biyun 3 kowanne. Taragu 8 ne a fili. Ana zaɓar 5 ta hanyar ƙuri'a, sai ka jera su daidai yadda ƙuri'ar ta fito, alhali layin da kan jirgi ke ja da baya a kai ba ya ɗaukar fiye da tarago 3 tare da shi. 'Yan ajin lissafi ku gwada: 8 sau 7 sau 6 sau 5 sau 4. Amsar ita ce 6,720. Yawan jerin da ƙuri'a za ta iya fitarwa ke nan. Mun fara buga wasan da akwatunan ashana takwas da layukan da muka zana da alli a kan tebur, kuma ku ma za ku iya yin haka yau ɗin nan ba tare da kashe ko sisi ba.

Taragun gaske sun zo hannunmu ne ta wajen yayan ɗaya daga cikinmu da ya dawo daga karatu a Ingila. Ya kawo shiryayyu guda biyu, da na harhaɗawa guda uku a cikin leda, da 'yan gutsattsarin layi har da mahaɗa ɗaya, wato wurin da layi ke rabuwa biyu. Ba mu da kan jirgi, da yatsa muke turawa. Hakan ya isa mu gane abin da ake nufi da cewa shantin ne ke tona asirin tarago.

Dalili kuwa shi ne, jirgin da ke zagaya da'ira ana jan taragunsa ne, kuma ja yana miƙar da komai. A shantin rabin aikin turawa ne, a hankali, ta kan mahaɗa. Idan tarago ya cika rashin nauyi, sai na bayansa ya ɗaga shi ya sauka daga layi. Idan tazarar da ke tsakanin ƙafafunsa biyu na gefe da gefe ta kauce daga kusan milimita 14.5, sai ya yi karo da bakin mahaɗa. Idan ƙugiyarsa ta fi ta maƙwabcinsa tsawo ko da kaɗan, ba za su kama juna ba, ko su kama su ƙi saki. Har saurin gangarawa yana da iyaka: wanda ya cika santsi yakan gudu kafin ƙugiya ta kama shi.

A nan taragon kanti ya nuna ƙarfinsa. Kamfanoni irin su Hornby da Bachmann, waɗanda yanzu a ƙasar Sin ake ƙera yawancin kayansu, suna fitar da tarago da fenti da lamba da rubutu ƙanana da sai ka kanne ido kafin ka karanta. Ka fito da shi daga kwali, ka ɗora a layi, ya tafi. Ƙugiyoyinsa na zaune cikin wani ɗan aljihu mai ma'auni guda, saboda haka ana iya zare su a sa wasu, misali irin na kamfanin Kadee na Amurka da ke buɗewa da maganaɗisun da aka ɓoye a layi. Ga wanda burinsa ya warware wasan Inglenook a daren nan, babu abin da ya kai wannan sauƙi. Illarsa biyu ce. Ta farko tsada, musamman ga wanda zai canza naira zuwa fam. Ta biyu, abin da kamfani ya ga zai sayu shi kaɗai yake ƙerawa.

Na harhaɗawa kuwa, irin na Parkside da Ratio da Cambrian, yana zuwa ne a matsayin ɓangarorin roba manne a jikin firam: bango huɗu, daɓe, gefuna biyu na ƙasa, birki, da ƙafafu. Sai ka yanko kowanne da reza, ka goge bakinsa da magagari, ka manna da gam. Tarago ɗaya ya ci mana yammaci biyu kafin fenti. Wurin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne ƙasan, domin dole sandunan ƙafafun biyu su yi daidai da juna. Gwajin da magina ke yi mai sauƙi ne: a ɗora taragon a kan gilashi ko madubi, in ƙafafu huɗun duk sun taɓa, ya yi, in yana rawa kamar teburin mai shayi, a kwance a sake tun gam bai bushe ba. Roba ba ta da nauyi, don haka sai an ƙara masa. Wasu na sa dalma, mu mun zaɓi noti da wosha saboda dalma guba ce. Mun auna su a sikeli har duka biyar ɗin suka zo kusan ɗaya, domin daidaiton nauyi tsakanin taragu ya fi yawansa muhimmanci.

Da muka gama, in ka jera su, na kanti sun fi kyan gani, wannan ba gardama. Amma ranar da ɗaya daga cikin na kantin ya fara sauka a mahaɗa, waɗanda suka yi harhaɗawa a cikinmu ne suka juya shi, suka auna tazarar ƙafafun, suka gyara cikin minti kaɗan. Sun san inda za su duba saboda sun taɓa haɗa irinsa tun daga tushe. Ashe da gaskiyar masu cewa da koyo akan iya.

Akwai wani dalilin da ya fi wannan taɓa mu. Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma taragunsa ne suka yi ta kwashe gyaɗar dalar Kano zuwa Legas. Faɗin wancan tsohon layi milimita 1,067 ne, ya fi na Ingila da na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ƙanƙanta, domin su 1,435 ne. Ka duba kundin kayan manyan kamfanonin nan, za ka ga taragon kwal da na kifi da na shanu na Ingila iri-iri, amma da wuya ka ci karo da taragon gyaɗar Kano. Wanda ke son ganinsa a kan tebur sai ya zana ya yanka da kansa. Hanyar ma a buɗe take. Ku raba 1,067 da 64, za ku samu kusan 16.7. Wato in aka rage taragonmu sau 64, zai hau layin milimita 16.5 da ake sayarwa ko'ina. Haka masu wannan sha'awa suke yi a Niyu Zilan da wasu sassan Ostareliya, inda layinsu ke da faɗi irin namu. Amma ba wanda zai iya tsallakawa zuwa wannan mataki in bai taɓa harhaɗa ko tarago ɗaya ba.

Saboda haka ga inda muka tsaya. In hali ya yi, a samu shiryayye guda ɗaya ya zama ma'auni: da shi za a gwada tsawon ƙugiya da nauyi da yadda tarago mai lafiya ke tafiya. Sauran a gina su da hannu, a kwatanta da shi. In halin bai yi ba, kwali da reza da rula da gam sun isa a fara. Ku zana tarago mai tsawon ƙafa 20 a ma'aunin milimita 4, ku ga ko zai fito milimita 80, ku yanka, ku manna, ku ɗora a kan madubi. Darasin zanen fasaha da kuke yi a aji, da darasin rabo da ninki na lissafi, nan ne wurin aikinsu.

Mu dai yanzu muna neman tsofaffin hotunan taragun kaya na reluwe, muna kuma tambayar dattawan da suka yi aiki a tasha yadda ƙofofinsu da rufinsu suke. In a gidanku akwai kakan da ya yi aikin reluwe, ku zauna da shi da takarda da fensir kafin hutun nan ya ƙare.