Yatsan Gwaggo da Katin Zaɓe

A ƙarshen 2014 na gama makaranta, ina zaune a gida a Kano. Kullum dare sai na zuba dogon bayani a Facebook kan katin zaɓe na dindindin: inda ake karɓa, da dalilin da ya sa katin wucin gadi na 2011 ba zai yi aiki ba a wannan karon. Ta wannan rubutu na haɗu da samari biyar 'yan unguwarmu masu damuwa irin tawa.

Gwaggo, yayar mahaifina, ita ta nuna mana inda aikin yake. Wata rana ta tarar da ni a tsakar gida, kaina a sunkuye kan waya, ta ce, "Kai ɗan nan, masu karanta rubutun naka sun riga sun sani. Matan layin nan fa? Ko rabinsu ba su karɓo kati ba."

Washegari muka sayi littafin rubutu muka fara bi gida-gida. Gidajen ba shiga ne, don haka mu iyakarmu zaure, mu gaida maigida mu nemi izininsa, Gwaggo da ƙannenmu mata su shige ciki. Wani maigidan sai mun koma sau uku kafin ya amince. Kuɗin a daidaita sahu karo-karo muke yi, mu kwashi tsofaffi zuwa inda ake rabon kati, mu tsaya ana duba ɗauri bayan ɗauri har a kai ga sunan mutum. Wadda ta karɓa, mu ja layi a ƙarƙashin sunanta.

Da shugaban hukumar zaɓe, Farfesa Attahiru Jega, ya sanar da ɗage zaɓe daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris saboda matsalar tsaro a Arewa maso Gabas, ranmu ya ɓaci ƙwarai. Amma a makonni shidan nan ne littafinmu ya cika.

Sai maganar lalle. An ce na'urar tantancewa ba ta karanta yatsa mai ƙunshi, Gwaggo kuwa ba ta rabo da lalle tun tana budurwa. Haka ta haƙura, ta kuma hana matan layi, har da wata amarya. Ranar zaɓe tun da sanyin safiya tana kan layi da butarta da 'yar kujerarta. Na'ura ta karɓi katinta, ta ƙi yatsanta. Aka goge, aka sake, shiru. Shekara da shekaru na daka da wanki sun shafe zanen babban yatsan. Na ga hannunta yana rawa, har sai da aka cike mata takarda aka ce za ta yi zaɓe. A rediyo muka ji ashe Shugaba Jonathan ma ya sha fama da na'urar a Otuoke.

Ta kaɗa ƙuri'arta, ta ƙi tafiya gida. A kasa, a tsare, a raka, in ji ta, kamar yadda suka yi a 2003. Da fitilar waya muka haska aka ƙirga. Da aka faɗi sakamakon Kano, Buhari na da ƙuri'a 1,903,999, Jonathan 215,779, sai ta sa aka kira ni, ta ce in ɗauko littafin nan in karanto mata sunayen matan da muka ja wa layi. Ina karantawa, tana kwaɓa lalle.