Fijon Babana

Kowa da abin da Allah Ya sa masa sha'awa. Wani ƙwallo, wani muhawara, wani kuwa da an tashi daga aji sai barci. Ni tawa sha'awar ita ce ƙera ƙananan motoci. Da yawa daga cikinku kun sha ganina ran Asabar a bayan ɗakin kwananmu ina fama da gwangwani da almakashi, har waɗansu sun laƙaba mini suna Bakanike. To, yau zan faɗa muku dalili.

Ni mutumin Gwaram ne. A garinmu da an girbe dawa sai yara su far wa kara. Mu ɓare shi, mu fitar da totuwa mu yayyanka, mu harhaɗa da tsinken ɓawon ko ƙayar aduwa, taya kuwa sakaina ce ko tsohon silifas. In yaro ya ƙara wayo sai ya koma motar langa-langa, ko ta waya mai dogon sitiyari wadda ake tuƙawa a tsaye. Duk na yi waɗannan. Amma sunansu mota ne kawai. Babu wanda zai dubi ɗaya ya ce ai wannan motar wane ce.

Babana direba ne, ko kuwa in ce direba ne a da. Yana da Fijo 504 doguwa, fara, mai kujera layi uku. Yana jigila daga Gwaram zuwa Birnin Kudu, wani lokaci ya zarce Kano ta Wudil, ran kasuwar Sara kuwa sai bayan isha'i muke jin ƙugin injinta. Motar ta girme ni nesa ba kusa ba. A 1975 kamfanin Fijo ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Baba kuma yakan bugi ƙirji ya ce tasa haɗin Kaduna ce, ta san hanyar ƙasar nan tun daga haihuwa. Ni ne mai wanke ta da asuba. Ladana shi ne in zauna a gaba har tasha, sa'an nan in dawo gida da ƙafa.

A 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mai ya ninka har fiye da biyu. Fijo kuwa akwai shan mai, ga tsufa, ga fasinja sun fi son Sharon da Golf. Baba ya yi ta lallaɓawa, yau tasha gobe gareji, har abin ya gagara. Daga ƙarshe ya sayar wa 'yan gwangwan, masu yanka mota su auna ƙarfenta a sikeli. Ina makaranta aka yi wannan. Da na koma hutu sai na tarar da gurbinta a gindin darbejiya, ba komai sai tabon baƙin mai a ƙasa. Inna ta ja ni gefe ta ce kada in kuskura in tambaye shi. Ita ce ta gaya mini da kuɗin aka sayi taki, da ragowar kuma aka yi mini sayayyar komawa makaranta. Watau katifar da nake kwana a kai yanzu wani yanki ne na motar nan. Tun daga lokacin Baba bai sake bi ta tasha ba, in zai je kasuwa sai ya zaga.

Wata rana malaminmu na lissafi ya kama ni ina fere totuwa a lokacin karatun yamma. Na sadaƙar bulala ce. Sai kawai ya karɓi abin ya jujjuya, ya ce, "Kai, wannan tayar ai ta fi ƙarfin motar. Ba ka auna ba?" Ya fito da wayarsa ya nuna mini hotuna. Ashe a ƙasashen waje har manya masu furfura suna wannan aiki. Akwai kamfanoni irin su Tamiya na Japan da Airfix na Ingila masu sayar da mota a cikin kwali, gunduwa-gunduwa ta roba, kowane yanki da lambarsa, mutum ya ɓalle ya manna da gam ya yi fenti. Abin da ya fi kama hankalina shi ne rubutun jikin kwalin, 1/24. Malam ya ce ma'anarsa kowane santimita 24 na motar gaske ya koma santimita 1, tun daga tsawonta har zuwa madubi. Ya ce darasin da ya yi mana ke nan a kan gwargwado, ina gyangyaɗi.

Ni dai ba ni da kwali, ba ni da kuɗinsa. Amma ina da igiya da rula. Ranar fita gari na tafi tashar Birnin Kudu, na yi sa'a na sami Fijo irin tamu ana lodi. Na durƙusa na gai da direban, na ce, "Baba, don Allah in auna motarka?" Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Likkafani za ka ɗinka mata?" 'Yan kamasho suka fashe da dariya, amma ya bar ni. Tsawonta ya zo kusan santimita 480, faɗinta kusan 170. Da na raba da 24 sai ga tsawo 20, faɗi 7. Taya ba ta cika santimita 3 ba. Nan na gane abin da ke ɓata motocinmu na kara: ido yana ƙara wa taya girma.

Aikin ya ci zango guda da rabi. Na yi ƙashin motar da waya, na buɗe gwangwanayen madara na daddaƙe su da dutse har suka miƙe, na zana kowane gefe a takarda kafin in yanka. Wurin da ya fi ba ni wuya shi ne fuska. Fitilun 504 ba zagaye suke ba, suna da kusurwa, kamar idon wanda ya ɗan ɗaure fuska, kuma in ka kuskure su to ka yi wata mota dabam. Sau biyar ina yankawa ina zubarwa. A na shida na sa farin ƙarfen bayan katin ƙwayar magani ya zama hasken fitila. Gilashi daga gorar ruwa ta roba na yanko. Kujeru totuwa ce na lulluɓe da ƙyallen da na roƙa wurin tela, na farko ma gara ta cinye su a ƙarƙashin gado lokacin hutun rabin zango, sai da na sake. Na cire ƙaramin sifirin cikin biro guda huɗu na sa a ƙafafun, in ka danna ta sai ta lotsa ta taso. Farin fenti kuwa ragowa ce a murfin kwalba, wani mai fentin ƙofofi ya sam mini. Tabon da ke babban yatsana na hagu gwangwani ne ya ba ni.

Masu cewa ƙato da ni ina wasan yara, na ji ku. Ni dai na tuna ranar da aka kai mu Dutsen Habude muka ga zanen shanu da mutanen da suka yi a jikin dutse. Ban tsammani yara ne suka hau can suka zana ba.

Da ta haɗu ta yi kyau ƙwarai, fes kamar yau ta fito daga Kaduna. Na kwana biyu ina kallonta, raina bai kwanta ba. Fijo ce, amma ba tamu ba ce. Tamu tana da lotsawa a ƙofar baya ta dama inda amalanke ta taɓa bugunta. Gilashin gaba ya tsage daga ƙasa. Bambar baya da waya aka ɗaure ta. Na ɗauki ƙusa na lotsa ƙofar da na sha wuyar miƙarwa, na ja tsaga da allura, na goga jar ƙasa a gindin tayoyi, na rubuta ALLAH GATAN BAWA a gilashin baya da bakin tsinke. Abokina da muke gado ɗaya sama da ƙasa ya riƙe baki ya ce, "Wallahi ka ɓata ta!" Ban ba shi amsa ba.

Tsorona ɗaya ne, kada in tayar wa Baba da mikin da ya fara warkewa. Na yi kwana uku a gida tana cikin akwati, nannaɗe da tsohuwar riga. A na huɗu, bayan magariba yana zaune a tabarma yana jin rediyo, na ajiye ta gabansa na koma gefe na tsuguna. Inna ta tsaya cak da kwano a hannu.

Ya daɗe bai taɓa ta ba. Can ya haska tocila, ya ɗauke ta, ya kai yatsa daidai wurin lotsawar nan ya shafa. Ya juya bayanta ya karanta rubutun a hankali. Sa'an nan ya sa farce ya buɗe ƙofar baya ta hagu, ta buɗe.

"A'a," in ji shi. "Wannan ƙofar ai ba ta buɗuwa ta waje. Sai fasinja ya miƙa hannu ta ciki. Ka manta?"

Na ce, "Na manta, Baba."

"Kuma ina safaya taya?"

Daga nan ya shiga ba mu labarin ranar da taya biyu suka fashe masa tsakanin Birnin Kudu da Wudil da amarya a cikin mota, labarin da rabon mu da ji tun kafin a sayar da ita. Har Inna ta zauna. Da ya gama sai ya tambayi sakamakon jarrabawata, ya ce lissafi ya yi kyau, Turanci kuwa da sauran aiki.

Motar tana can a kan kanta kusa da rediyonsa, an hana ƙannena taɓawa. Ya ce ba zai ba ni ita in taho da ita ba, in zo da kayan aikina hutu mai zuwa in gyara ƙofar a gabansa. Safaya taya kuwa na riga na yanke ta. Saura in sami siririyar waya da zan rataye ta a ƙarƙashin mota, in akwai mai ita a cikinku.