Ranar Da Doki Ya Faɗa Gidan f7

Gasar ches ce ta 'yan koyo, a wani ɗakin taro a Samaru, Zariya, cikin hunturu. Kyautar ma katan ɗin lemo ce. Amma wasa ɗaya ya sa duk muka bar teburanmu: wani ɗan aji biyu mai rawar kai yana riƙe da fari, wani dattijon ma'aikacin laburare yana riƙe da baƙi.

Suka buɗe yadda aka saba: soja e4, soja e5, doki f3, doki c6, bishof c4, dokin baƙi f6. Sai yaron ya cilla doki g5. Duk wanda ya ɗan taɓa wasan ya san inda aka dosa: f7, gidan da ba mai tsaronsa sai sarki. Dattijo ya tura soja d5, yaro ya ci, shi kuma ya rama da doki. Nan aka fara ƙus-ƙus, don masana cewa suke a kai ɗaya dokin a5.

Yaro bai ko ja numfashi ba, ya buga doki a f7 har allon ya girgiza.

"Baba, a yi haƙuri," in ji shi.

"Bismillah, ɗana," in ji dattijo, ya cinye dokin da sarki.

Tarkon tsoho ne, tun wajen 1610 ɗan Italiyan nan Polerio ya buga shi. Ka ba da doki a kan soja, ka jawo sarkin abokin karawa tsakiyar fili. Haka kuwa aka yi: sarauniya ta hau f3, sarki ya fito e6 dole, don ya kare dokinsa na d5.

Yaro ya ƙara doki c3. Dattijo ya ɓare goro, ya yi shiru kamar mai jiran liman, sannan ya kai doki b4, yana kare d5, yana leƙen c2. A nan haddar yaron ta ƙare. Hannun da ke gudu ya koma sosa ƙeya. Dattijo ya tura soja c6, ya lallaɓa ya mai da sarki gida, ya tilasta musayar sarauniya. Saura tarihi ne na mai doki ɗaya a sama. Yaro ya miƙa hannu biyu, ya rusuna.

Wasu suka ɗora wa buɗin laifi. Ni ban yarda ba. Ko kwamfuta ka ba matsayin da aka shiga bayan ba da dokin, fari take ba rinjaye. Yaron ne ya haddace yadda ake ba da doki, bai koyi yadda ake karɓo kuɗinsa ba.